Na Karanci Duwatsu, Na Haɗa da Tarihi

Assalamu alaikum. Duk ƙanen da ya rubuto mini yana neman shawara kan karatun digiri a Amurka, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Yaya, wane kwas zan cike?" In na ce masa a jami'o'i da yawa na can ana iya ɗaukarka ba tare da ka zaɓi fanni ba, sai ya zaci zolayarsa nake. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa tafiyar ta kasance, ko Allah zai sa wani ya tsinci abin amfani. Babban fannina kimiyyar ƙasa da duwatsu ne, wato jiyoloji, ƙaramin fannina kuma tarihi. Yau aikina binciken ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta. Abin da nake son in shaida shi ne, kwasa-kwasan tarihin nan guda shida da wasu suka ɗauka ɓata lokaci ne, da su nake cin abinci kamar yadda nake ci da jiyolojin.

Jami'ar da ta ɗauke ni ta gwamnatin jiha ce, a tsakiyar ƙasar, yankin da mutum zai yi ta tafiya a mota bai ga tudu ba. An sa ni a Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda ita ce uwa a jami'ar. A ƙarƙashinta lissafi yake, da fizis da kimistiri da ilimin halittu. A ƙarƙashinta kuma tarihi yake, da falsafa da adabi da harsuna da tattalin arziki da ilimin zamantakewa. A gurbin da ake rubuta fannin ɗalibi, ni an rubuta mini cewa ban yanke shawara ba tukuna, kuma ba wanda ya ga aibun hakan. Wa'adin da aka ba mu shi ne ƙarshen shekara ta biyu.

Malamar da aka haɗa ni da ita don ba ni shawara ce ta zana mini lissafin a bayan wata takarda. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas, kuma digiri kiredit 120 ne a shekara huɗu, wato kusan 15 a kowane zango. Kwas na yau da kullum kiredit 3 ne, mai ɗakin gwaji kuma 4. Ta raba takardar gida uku. Gida na farko shi ne karatun bai-ɗaya da kowa sai ya yi, ko likita yake son zama ko mawaƙi: rubutu, lissafi, wani harshe, kimiyya mai gwaji, wani abu daga tarihi ko adabi ko falsafa, wani abu daga ilimin zamantakewa. Gida na biyu babban fanni, wanda yakan ci kiredit 30 zuwa 40, na kimiyya ma ya wuce haka in an haɗa da lissafi da fizis ɗin da ke tafiya da shi. Gida na uku ta bar shi fari fat, ta ce, "Wannan naki ne." Daga cikin farin nan ake yanko ƙaramin fanni, galibi kiredit 15 zuwa 21, a wajenmu 18.

Da farko gidan farkon nan ya tsaya mini a rai. Na zo karatun kimiyya, me ya haɗa ni da rubuta sharhi kan wasan kwaikwayo? Abokaina da suka tafi Ingila tun ranar farko suka duƙufa kan fanni guda, shekara uku sun gama. Sai daga baya na karanta asalin tsarin, na gane cewa sulhu ne aka yi bayan doguwar jayayya. A da kwalejojin Amurka manhaja ɗaya suke ɗora wa kowa, Latin da Girkanci da lissafi da falsafa. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Harvard daga 1869 zuwa 1909, ya sakar wa ɗalibai mara su zaɓi kusan duk abin da suke so. Wasu suka riƙa tsintar kwasa-kwasai masu sauƙi, su fita ba su ƙware a komai ba. Wanda ya gaji Eliot, Lawrence Lowell, shi ya kawo tsarin da zai sa ɗalibi ya nutsa a fanni guda, sannan ya ɗan taɓa sauran fannoni. Har gobe ba a gama jayayyar ba: Jami'ar Brown ta soke karatun bai-ɗaya na dole tun 1969, Columbia kuwa tana riƙe da nata kam-kam tun 1919.

Jiyoloji ta same ni ne ta ƙofar dole. Ana buƙatar kimiyya mai ɗakin gwaji, ita ce ta dace da jadawalina, na shiga. A mako na uku aka zube mana tire cike da duwatsu, aka ba kowa gilashin ƙara girma da ƙusa da 'yar kwalbar asid mai rauni. In ka ɗiga asid a kan dutsen farar ƙasa sai ya yi kumfa yana tsuwa. Malamin ya ce dutsen da ke hannuna a ƙarƙashin teku ya taru, kuma tekun ya taɓa rufe filin da ajinmu yake. Na juya shi, sai ga sawun ɓawon wata halittar ruwa a jikinsa. Tun daga ranar ban ƙara kallon ƙasa kamar da ba.

Sanar da Baba ne ya fi komai nauyi. Burinsa in zama likita, kuma ya riga ya faɗa wa abokansa. Na yi masa bayani cewa a Amurka likitanci da lauya ba a fara su sai an gama digirin farko, a kowane fanni ne kuwa, muddin mai son likitanci ya yi kwasa-kwasan kimiyyar da ake nema ya ci jarrabawar shiga. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Mamana, duk nisan nan da kika yi, dutse za ki karanto mana?" Na ce, "Baba, ruwan da ke cikin rijiya dutse da yashi ne ke riƙe da shi. Masu nuna inda za a haƙa burtsatse, wannan karatun suka yi." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Amma in kin kama, ki kama da kyau."

Na kama. Sashenmu yana ba da digiri iri biyu, na BA da na BS. Na BA ya fi sarari, na BS kuwa ya ƙunshi kalkulas, wato wani reshen lissafi mai zurfi, zango biyu, fizis zango biyu, kimistiri zango biyu, da zaman daji na makonni a lokacin bazara, inda ake kwana a tanti ana zana taswirar duwatsu da ƙafa. Na ɗauki BS. Wanda bai shiga ba ba zai gane yadda kwasa-kwasan kimiyya suke ɗaure da juna ba: sai ka ci kimistiri za a bar ka ka shiga ilimin ma'adinai, sai ka ci shi za ka shiga na samuwar duwatsu, wasu kuma sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Ka kuskure ɗaya, ka ƙara wa kanka shekara. 'Yancin zaɓin da ake yabon tsarin da shi gaskiya ne, amma ɗalibin kimiyya da ya kai ƙarshen shekara ta biyu bai taɓa kalkulas ba ya riga ya makara. Wannan nake fara faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Akwai kuma lissafin da ɗan ƙasa ba ya yi, sai baƙo. Mai bizar ɗalibi dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zango. Bayan kammalawa ana ba shi izinin aiki na wata 12, kuma aikin sai ya shafi babban fanninsa kai tsaye. In fannin yana cikin jerin kimiyya da fasahar ƙere-ƙere da injiniyanci da lissafi da gwamnati ta amince da su, ana iya ƙara masa wata 24. Jiyoloji tana cikin jerin, tarihi ba ya ciki, kuma ƙaramin fanni ba ya shiga wannan lissafin ko kaɗan. Don haka ko da tarihi ya ƙwace zuciyata gaba ɗaya, na san wanne zai zauna a sama a takarda.

Shi ma tarihin ta ƙofar dole ya shigo. Na zaɓi wani kwas kan tarihin yammacin Amurka da muhallinsa, don kawai na ga kalmar ƙasa da ruwa a bayaninsa. Farfesar dattijuwa ce mai magana a hankali, ba ta taɓa tambayarmu shekarar da abu ya faru ba. Takardu take rabawa: wasiƙar matar wani manomi, tallar kamfanin jirgin ƙasa mai kiran mutane su zo su zauna, rahoton jami'in gwamnati. A gefen rubutun kowannenmu tambayoyinta uku ne da jan biro: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake nema da ya faɗa. Na daɗe ina jin tambayoyin nan kamar na san su a wani wuri, sai wata rana a ɗakin gwaji na gane. Kafin mu yarda da lambar da na'ura ta ba mu, sai mun tambaya ko an daidaita ta, da girman kuskurenta, da wanda ya ɗauko samfurin. Abin da masanin kimiyya yake yi wa na'ura, shi masanin tarihi yake yi wa takarda.

A ajin nan na ji labarin da ya sauya alƙiblar karatuna. A 1862 aka yi dokar da ta ba duk wanda zai zauna ya noma fili na shekara biyar eka 160 kyauta. Ma'aunin ya dace da gabashin ƙasar mai damina. A 1878 John Wesley Powell, wanda shi kansa masanin jiyoloji ne, ya miƙa wa majalisa rahoto cewa yamma da layin taswira na digiri 100, wanda ya ratsa tsakiyar ƙasar daga arewa zuwa kudu, ruwan sama ba ya kai inci 20 a shekara, eka 160 ba za ta riƙe iyali ba, a yi gonakin kiwo masu eka 2,560 a kuma tsara zama bisa inda ruwa yake. Ba a saurare shi ba. Masu tallar filaye suna yaɗa cewa ruwan sama yana bin garma, wai in an yi huɗa damina za ta zo. Da alkama ta yi tsada lokacin Yaƙin Duniya na Farko da bayansa, aka sa tarakta aka kwashe ciyawar da ke riƙe da ƙasar. Fari ya zo a shekarun 1930, iska ta ɗebe gonakin ta yi sama da su. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mayar da rana dare a Oklahoma da Texas da Kansas, kuma kafin watan ya ƙare majalisa ta kafa hukumar kare ƙasar noma. Na fito daga ajin jikina a sanyaye. Kimiyyar tana nan, daidai take, an rubuta ta an miƙa tun fiye da shekara hamsin kafin bala'in. Abin da ya hana ta aiki ba ya cikin littattafan sashenmu.

Da na faɗa wa babban yayana zan yi rajistar tarihi a matsayin ƙaramin fanni, bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Ke dai kin cika kwashe-kwashe. In ƙari kike so, ki ƙara kwamfuta ko kasuwanci, abin da mai ɗaukar aiki zai gani ya gane. Taura biyu ba ta taunuwa." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ta hana ni yin manyan fannoni biyu, wanda da ya cinye duk farin gidan nan ya kuma ƙara mini zango da kuɗin da tallafina ba zai biya ba. Amma kwas shida abu ne mai yiwuwa. Fom ɗin shafi ɗaya ne, da sharuɗɗa kaɗan: rabin kwasa-kwasan su kasance na manyan azuzuwa, kada maki ya gaza C, kuma kwas ɗaya kawai za a lissafa mini sau biyu, a karatun bai-ɗaya da a ƙaramin fannin.

Ba kyauta na same shi ba. Ajin tattaunawa na tarihi da rana ake yinsa, lokacin da ɗakunan gwajinmu suke ci, sai da na jira shekara guda kafin wani kwas ya daidaita da jadawalina. Akwai makon da nake da rahoton gwaji da littafi sukutum da zan karanta da sharhi mai shafi goma. Na kuma haƙura da kwas na biyu na zana taswira da kwamfuta, wanda sai a wurin aiki na koye shi da daddare. Abin da na yi wa kaina gata da shi shi ne, ban tsinci kwasa-kwasan barkatai ba. Na jera su a kan zare ɗaya: tarihin muhalli, tarihin dokokin ƙasa da ruwa, tarihin kimiyya, tarihin birane da masana'antu, da dabarun binciken tsofaffin takardu. Na ga masu ƙaramin fanni da suka tara duk abin da ya faɗo a sa'ar da ba su da aji, suka fita da suna a takarda ba komai a kai. A ganina wannan bai kai wahalarsa ba.

A shekarar ƙarshe ne fannonin biyu suka haɗu a kan teburi ɗaya. Aikin kammalawata a kan Ogallala ne, babbar taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ta shimfiɗu a ƙarƙashin jihohi takwas, daga Dakota ta Kudu zuwa Texas, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 450,000. Ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Yashi ne da tsakuwa da koguna suka kwaso daga duwatsun Rocky miliyoyin shekaru da suka wuce, ruwa ya cika tsakaninsu. A wasu wuraren abin da ke komawa cikinta bai kai inci ɗaya a shekara ba, ruwan kuma ya ja baya fiye da ƙafa 150.

Da tsakiyar hunturu ake auna rijiyoyin, lokacin da injinan ban ruwa suke kashe, ruwan ya samu ya natsu. Na bi ayarin masu aunawa zuwa yammacin Kansas cikin sanyin da yatsa ba ya lanƙwasuwa. Ana shafa alli a bakin wani dogon tef na ƙarfe, a zura shi ta wata 'yar kafa a gindin famfo, a riƙe a kan lamba, a jawo. Inda allin ya jiƙe, nan ruwa ya tsaya. Mai gonar, wani tsoho, ya tsaya a kaina hannuwansa cikin aljihu yana jiran lambar. Da na faɗa, ya gyaɗa kai ya ce, "Yarinya, mahaifina ne ya haƙa ta bayan farin shekarun 1950. Ya rantse ba zai ƙara zuba wa sama ido ba." Na rubuta lambar a shafin dama, maganarsa a shafin hagu.

Da na jera bayanan rijiyoyin a jadawali, layin ya tafi a miƙe har tsakiyar ƙarnin da ya wuce, sannan ya karye ya gangara. Dokar Darcy, wadda injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar a 1856 daga gwajin tace ruwa da yashi a birnin Dijon, ta gaya mini saurin tafiyar ruwa a cikin yashin da yadda rijiya ɗaya take janye na maƙwabciyarta. Ba ta gaya mini dalilin karyewar layin a daidai wannan lokaci ba. Sai da na sauka ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. A 1945 Kansas ta yi dokar da ta ce wanda ya riga amfani da ruwa shi ke da fifiko, hakkin da aka daina amfani da shi kuma yana iya suɓucewa, don haka kowa ya yi rige-rigen haƙa. A Texas ma tun 1904 kotu ta yanke cewa abin da ka zuƙo daga ƙarƙashin filinka naka ne. A 1952 Frank Zybach ya samu rajistar injin ban ruwa mai juyawa a da'ira. Ga fari, ga famfo mai ƙarfi, ga doka. Hatta girman koren da'irorin nan da ake hangowa daga jirgin sama tarihi ne ya yanka shi: hannun injin kusan mita 400 ne saboda ya dace da filin eka 160, filin da ya samo asali daga awon ƙasa na dokar 1785 da rabon 1862.

Takardun masu haƙa rijiya ma sai da na yi musu tambayoyin farfesata. Abin da wani mahaƙi ya kira yumɓu, wani laka mai yashi ya kira shi, a gonaki biyu masu iyaka da juna. Na ware su mahaƙi-mahaƙi, na gwada kalmomin kowanne da rijiyoyin da masana suka ɗebi samfurinsu, kafin in zuba su a kwamfuta. Malamin da ke duba aikina ya tambaye ni inda na koyi wannan, na ce masa a hawa na uku na ginin tarihi. Babin ƙarshe na yi shi ne a kan manoman wani yanki na gundumar Sheridan a Kansas, waɗanda suka yi amfani da wata dokar jiha ta 2012 suka haɗa kai tun daga 2013 kan rage ruwan da suke ja da kusan kashi 20 cikin ɗari. Yashin bai canja ba, yarjejeniyar mutane ce ta canja.

Ranar da aka ba ni shaidar digiri, jiyoloji kaɗai aka rubuta a jiki. Tarihin yana can a layi ɗaya a ƙasan takardar sakamako, kamar yadda jami'o'i da yawa suke yi. Ba zan ce shi ya samo mini aiki ba. Kalkulas da zaman daji da kwas ɗin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne suka sa aka kira ni ganawa. Amma kamfanin da ya ɗauke ni yana binciken filaye kafin a saye su, domin tun dokar 1980 kan gurɓatattun wurare, mai fili a Amurka yana iya ɗaukar nauyin tsaftace dattin da ba shi ya zuba ba. Ƙa'idar aikin ta ce a bi tarihin filin har zuwa lokacin da aka fara gini a kansa ko zuwa 1940, duk wanda ya riga. Hotunan sama na da, kundin adireshin gari, takardun mallaka, da taswirorin Sanborn da aka zana wa kamfanonin inshorar gobara tun ƙarni na 19, masu nuna ginin bulo da ruwan hoda, na katako da rawaya. Yawancin sababbin ma'aikata wannan sashen suke gudu. Ni aka riƙa turo wa.

Wani fili da aka ba ni, wurin ajiye motoci ne shimfiɗe da kwalta, ba abin da ido zai gani. Za a gina wurin renon yara a kai. Hotunan sama ba su nuna komai ba sai wani ƙaramin gini a kusurwa. A tsohuwar taswirar inshora na ga 'yan da'irori biyu a gaban ginin da alamar tankin mai, kundin adireshi kuma ya nuna gidan mai a lambar na tsawon shekaru, sannan sunan ya ɓace. Ban sami takardar da ta nuna an tono tankunan ba. Titin ma an faɗaɗa shi daga baya, don haka sai da na auna daga bangon wata tsohuwar majami'a da ke cikin taswirar kuma har yanzu tana tsaye, kafin in gane ainihin inda kusurwar take a yau. Na sa alama a wurin na ce a haƙa nan. Ƙasar da bututun ya fito da ita launin toka ce mai warin fetur, gwaji kuma ya nuna benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, a ruwan da ke ƙasa. An tono tankuna biyu masu tsatsa, aka kwashe ƙasar da ta gurɓata, aka kafa rijiyoyin sa ido, aka ɗage ginin har sai da sakamakon ruwan ya sauko ƙasa da iyakar da hukuma ta gindaya.